Daga Abuja Zuwa Magarya: Doguwar Tafiyar Allurar Rigakafi

Ranar 2 ga Maris, 2021, allurar korona kusan miliyan 4 ta sauka Abuja a ƙarƙashin shirin COVAX, aka ci alwashin yi wa kashi 70 cikin 100 na 'yan ƙasa rigakafin kafin ƙarshen 2022. Sai dai saukar allura a Abuja daban, shigarta damtsen manomin albasa a Magarya daban.

Allurar da ta iso, ta AstraZeneca, ba ta jure zafi, sai an riƙe ta tsakanin digiri 2 zuwa 8. A ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo, hakan na nufin firji mai aiki da hasken rana, da akwatin ƙanƙara ɗaure a bayan babur. Kuma tana da wa'adi: a Disambar 2021 gwamnati ta lalata sama da miliyan 1 da wa'adinsu ya ƙare kafin su kai ga jama'a.

Ga kuma tsaro. A Oktoban shekarar, 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Hanyar da ɗan kasuwa ke tsoro, ma'aikaciyar lafiya ma tsoronta take.

Amma babban cikas shi ne rashin yarda. Arewa ba ta manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma wannan tabon ya taimaka wajen ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003. Har gobe magidanci kan tambaya: “Me ya sa wannan kyauta har gida, maganin zazzaɓi kuwa sai da kuɗi?” Tambayarsa tana bisa hanya, kuma faɗa ba ya amsa ta.

An taɓa warware irin wannan ƙulli. Da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da sarakunan Arewa suka shigo aikin rigakafin shan-inna a 2009, hakimai, dagatai da limamai suka buɗe ƙofofin da takardar gwamnati ta kasa buɗewa. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

Wata annobar za ta zo, ko sanƙarau ko wata baƙuwa. Shirinta tun yanzu ne: asibitin gunduma mai magani da firji, ma'aikata 'yan gari da ake biya kan lokaci, da rigakafin yara da ba ya yankewa. Wanda aka kula da zazzaɓin ɗansa a damina, ba sai an roƙe shi ya miƙa hannu ba.