Yadda Ake Sabunta Laburaren Jami'a Don Ya Dace da Zamanin Kwamfuta

Yaron Dogon Daji ko Kebbe da ke neman jami'a a yau ba ya shiga sai ta hanyar kwamfuta, domin tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan na'ura. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara a wannan jarrabawa suka fara zama a gaban kwamfuta da gaske. In ya samu gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a Sakkwato a 1975, rajista da binciken aikin aji da rubuta kundin kammala karatu duk suna bukatar kwamfuta. Wanda ba shi da tasa, laburare ne madogararsa. Shi ya sa manyan ɗakunan karatu irin na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato da na Kashim Ibrahim a Zariya suka ware sashen karatu ta intanet.

Mutane kan ɗauka cewa aikin sabunta laburare shi ne a sayo kwamfutoci a jera. Alhali sayen kwamfuta shi ne matakin ƙarshe.

Ana farawa ne da fili. Tsoffin laburarori an gina su don kantocin littattafai, tebura kuma sun samu abin da ya rage. Don haka ma'aikata kan duba rajistar aro, su kwashe tsoffin mujallu da littattafan da aka daɗe ba a taɓa ba zuwa ma'ajiya, inda za a ɗauko wa mai bukata. Rubuce-rubucen hannu na Larabci da Ajami kuwa ɗakinsu daban, nesa da laima da gara.

Sai wuta, nan ne gizo ke saƙa. Kwamfutar tebur da allonta kan ja wat 150 zuwa 200. Guda ɗari ke nan sun kusa kilowat 20, nauyin da tsoffin wayoyin da aka shimfiɗa don fitila da fanka ba za su iya ɗauka ba. Dole a sake wayoyi, a kai soket kowane tebur, domin ɗalibin da ya zo da tasa kwamfutar ko wayar salula abin da idonsa ke fara nema shi ne wurin caji. Tunda wutar gari ba ta da tabbas, ana haɗa sola da batir da inbata, a bar janareta don ko-ta-kwana.

Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take zama a cikin ɗaki. A bazarar Sakkwato kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40. In babu na'urar sanyaya ɗaki, kwamfuta takan rage gudu ko ta kashe kanta. Da hunturu ƙura ce ke toshe fankarta ta ciki, don haka sai an gyara tagogi su rufu ruf, ana kuma busa ƙurar a kai a kai.

Bayan haka intanet. Ana jawo babbar waya zuwa ginin, a rarraba na'urorin Wi-Fi a ɗakuna, domin ɗaya ba ta ɗaukar ɗaruruwan mutane, kuma kaurin bango yana rage mata ƙarfi. Sannan a raba zama gida biyu: ɓangaren shiru na mai nazari shi kaɗai, da ƙananan ɗakunan muraja'a inda mutum biyar ko shida za su yi magana ba tare da sun dami kowa ba.

Kuɗin irin wannan aiki a jami'o'in gwamnati galibi daga asusun TETFund yake fitowa, wanda dokar 2011 ta kafa, ana tara masa kuɗi daga harajin ribar kamfanoni. Sai dai gini sau ɗaya ake yi, alhali batir yana mutuwa bayan 'yan shekaru, kuɗin intanet da na rumbunan mujallu kuwa duk shekara ake biya. Jami'ar da ta tsara gyaran laburarenta, wajibi ne tun ranar farko ta ware kasafin waɗannan, tare da albashin ƙwararren da zai kula da na'urori ya kuma koya wa sababbin ɗalibai yadda ake bincike.