Yadda Abubakar, Umar da Zaidu suka haɗu a kan tara Alƙur'ani

Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara musu yarda, ba halinsu ɗaya ba, kuma sau da dama ra'ayinsu kan bambanta. Sun saɓa a kan fursunonin Badar, sun saɓa a kan yaƙar waɗanda suka hana zakka, har ma a kan rabon dukiyar baitulmali: Abubakar ya raba daidai wa daida, Umar kuwa da ya hau halifanci ya fifita magabata a Musulunci. Duk da haka Umar ne babban mashawarcin Abubakar tsawon halifancinsa, daga shekara ta 11 zuwa ta 13 bayan Hijira.

Bayan yaƙin Yamama, inda mahardata da yawa suka yi shahada, Umar ya zo da shawarar a tara Alƙur'ani wuri guda kafin sauran su ƙare. Abubakar bai amince nan take ba. Damuwarsa ita ce aikata abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai aikata ba. Umar bai zarge shi da jan ƙafa ba. Ya yi ta komawa yana bayani, har zuciyar Abubakar ta natsu.

Abin da aka fi mantawa shi ne mataki na gaba. Da suka kira Zaidu ɗan Sabit, matashi daga marubutan wahayi, sai ya kawo ainihin hujjar da Abubakar ya fara kawowa. Halifa na da ikon ba shi umarni kawai, amma ya zauna ya lallashe shi kamar yadda aka lallashe shi. A ganina, ƴan kwamitin masallaci da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai sun fi buƙatar wannan ɓangaren, domin a nan ne tarukanmu suka fi wargajewa: wanda ya gamsu jiya ya kasa haƙuri da wanda bai gamsu ba yau.

Zaidu ya karɓi aikin yana jin nauyinsa ya fi ɗaukar dutse, kamar yadda ruwayar Bukhari ta nuna. Ya bi ayoyin daga zarban dabino, faifan duwatsu da ƙirazan mahardata. Takardun suka zauna wurin Abubakar, sannan Umar, sannan Nana Hafsatu, kuma daga gare su aka kwafi Mus'hafin zamanin Sayyidina Usman.