Bindigar maharbi: ba kowane gari ne albarushi ba

Maharbin gargajiya ba ya sayen harsashi a kanti. Shi ke narka dalma ya zuba ta a mazubi, shi ke auna albarushi ya ɗura ta bakin bindiga, ya danna da tsumma. Tsofaffin bindigogi da ƙanƙara suke kama wuta. Na baya kuwa da ƴar hular tagulla wadda kunama ke sara.

Haɗarin da ke cikin wannan sana'a daga gari yake fitowa. Baƙin albarushi, mai hayaƙi, shi ne wanda bindigar maƙera ke iya ɗauka. Garin da ke cikin kartushin zamani dabam ne: Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro irinsa a 1884, kuma ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi. Wanda ya fasa kartushin da aka kawo daga Yamai, ya juye garin cikin bututun da maƙeri ya ƙera, to bututun na iya tsagewa, ya tafi da yatsu ko ido. Ita ma dalmar guba ce: hayaƙinta da ƙurarta suna lahanta ƙwaƙwalwar yara.

Ga kuma hukuma. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta wajabta takardar izinin farauta a Nijar, kuma raƙuman dawa na Kure ba a taɓa su. Ɗan kasuwar da maharbi ya roƙa ya riƙo masa kartushi, ya fara tambayar wace bindiga za ta ci shi.