Rumbun Mai Magana: Zancen Nan Take a Ƙasar Damagaram

Ana yawan ɗaukar iya magana ba tare da shiri ba a matsayin baiwa, wadda ko dai a haifi mutum da ita ko ya rasa. Wasan kwaikwayon Hausa na Damagaram ya nuna cewa akwai aiki a bayan baiwar.

A zamanin mulkin Seyni Kountché (1974-1987), ƙungiyar wasa ta gidan rediyo da talabijin na ƙasa da ke Zinder, wadda Yazi Dogo ya jagoranta, ta yi fice a faɗin Nijar. Kamar yadda Janet Beik ta bayyana a littafinta na 1987, 'yan wasan ba sa haddace rubutaccen zance. Sukan amince da jigo da jerin fitowa, kowa ya san halin wanda yake kwaikwayo, sannan kalmomin su zo a kan dandali.

Abu uku ne ke riƙe irin wannan magana. Na farko, sanin inda aka dosa: wanda ya san ƙarshen zancensa ba ya ɓata a tsakiya. Na biyu, daskararrun kalamai, wato gaisuwa, addu'a, kirari da karin magana. Bafaden da ya buɗe baki da "Allah ya ja zamanin sarki" ya cika ladabi, ya kuma sami 'yan daƙiƙun da zai jera hujjarsa. Na uku, sauraro, domin jimlar abokin zance ita ce tsanin da ake takawa a kai ga amsa.

Haka abin yake a wajen dandali. Dattijon da aka miƙa wa magana a wurin neman aure ko sasanta rikicin gona a Zermu bai rubuta komai ba, amma ya shekara da shekaru yana zama inda ake irin wannan zance. Daga rumbu yake ɗiba. Ya kuma san magana zarar bunu ce, shi ya sa yake gajarta jimla, yana numfasawa kafin kalma mai nauyi.

Ɗalibin da zai amsa tambayar ba-zata a gaban malamai ranar kare kundinsa yana kan wannan turba. Ba zai san tambayar ba, amma yana iya cika rumbunsa tun damina: ya riƙe jigon bincikensa a jimla guda, ya ƙware da kalmomin fanninsa, ya bari mai tambaya ya kai aya kafin ya amsa.