Wayar Tsallake: Abin da Bakaniken Lif Ba Ya Wasa da Shi

Wanda ya tsaya a Nima ko Mamobi, a Ankara ta Ghana, ya dubi wajen filin jirgin sama, benaye zai gani suna rige-rigen tsawo. Alto na rukunin Villaggio kaɗai hawa 27 ne. Can wajen majalisa kuwa ga Job 600, wanda Kwame Nkrumah ya gina a 1965 domin taron ƙungiyar haɗin kan Afirka, yanzu ofisoshin 'yan majalisa ne. Duk irin wannan gini da lif yake rayuwa, lif kuwa da bakanike. Ga matashin Zongo da ya koyi wayarin, ko ya goge a garejin da ke maƙwabtaka da kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, wannan ƙofar abinci ce. Sai dai akwai ɗabi'ar gareji guda da dole ya bari a bakin ƙofa: dabarar "a haɗa ta haka, ta kai mu gida".

Lif guga ne a rijiya, illa dai gugan nan yana da abokin rinjaye. Igiyoyin ƙarfe sun ratso ta kan wani babban wili mai tsagi-tsagi da injin lif ke juyawa. A gefe ɗaya akwatin da mutane ke shiga, a ɗaya gefen tulin ƙarfe mai nauyin akwatin da ƙarin kusan rabin kayan da aka yarda ya ɗauka. Saboda haka injin ba ya ɗaga nauyin duka, bambancin kawai yake ja. Dogayen ƙarafa biyu da aka kafe a bango su ke riƙe akwatin kada ya yi lilo, akwatin sarrafawa kuma shi ne ƙwaƙwalwar da ke cewa tashi ko tsaya.

Tsoron kowa shi ne igiya ta tsinke. Wannan tsoron Elisha Otis ya kashe a birnin New York a 1854, lokacin da ya hau wani dandamali a gaban taro, ya sa aka sare igiyar, dandamalin ya ɗan zame ya cije. Lif na yau ya gaji wannan dabara. Akwai na'urar da masu sana'ar ke kira gwamna, mai igiyarta daban, tana auna gudun akwatin. Da gudun ya zarce ƙa'ida da kashi 15 cikin ɗari ko fiye, sai ta yanke wuta, ta fizgi wasu haƙoran ƙarfe da ke ƙarƙashin akwatin su damƙi dogayen ƙarafan nan. Igiyoyin ma ba ɗaya ba ce, kuma ƙa'idar Turai ta ce in sun kai uku, ƙarfinsu ya ninka nauyin da ke kansu sau 12. A ƙasan rami kuma akwai matashin sifirin ko na mai da zai tare akwatin in ya wuce hawa na ƙarshe.

Birkin lif kishiyar na mota ne. Sifirin ne ke matse shi kullum, wuta ce ke buɗe shi. Shi ya sa a shekarun dumso na yawan ɗauke wuta, musamman 2014 da 2015, in wuta ta ɗauke lif tsayawa yake cak, ba ya faɗowa. Inda mai gini ya sa na'urar ceto mai batir, ita ke lallaɓa akwatin zuwa hawa mafi kusa ta buɗe ƙofa. Wanda ya maƙale ya danna ƙararrawa ya jira, iska na shiga. Ɓamɓare ƙofa da ƙoƙarin dira shi ke jefa mutum rami.

Asirin sana'ar yana cikin wata waya guda. Makullin kowace ƙofa ta kowane hawa, da maɓallin tsayarwa na kan akwati da na rami, da makunnin gwamna, duk a jere suke kan layi ɗaya kamar carbi. Ɗaya ya buɗe, lif ba ya motsi. Yawancin kiran da ake yi wa bakanike daga ƙofa yake fitowa: ƙurar hunturu ta toshe idon na'ura, ko tsakuwa ta shiga kwararon da ƙofa ke bi. Mai gini na ta waya, 'yan haya na ta ƙorafi, sai zuciya ta raya wa yaro ya ɗauki guntuwar waya ya tsallake makullin. Lif zai tashi, a yaba masa. Amma daga ranar akwatin na iya tafiya ƙofa a buɗe, mutum na tsakiyar shiga.

Yanayin Ankara ma yana da nasa haraji. Iskar teku mai gishiri na cin ƙarfe, don haka jar ƙura a jikin igiya alama ce ta tsatsa daga ciki. Ana ƙirga zaren da suka karye, a auna kauri, in canji ya zo a canza su gaba ɗaya. Ruwan sama mai ambaliya irin na 3 ga Yuni 2015 kan cika ramin lif ya jiƙa makunnai, sai an kwashe an busar kafin a kunna. Wutar da ke hawa da sauka kuwa allon sarrafawa take ƙonawa. Dokar masana'antu da ofisoshi da shaguna ta Ghana ta 1970, mai lamba 328, ta sa lif cikin abubuwan da dole a riƙa dubawa, littafin gyara kuma shi ne shaidar bakanike ranar da sufeto ya zo.

Cibiyar koyon sana'a ta ATTC da ke Kokomlemle, kusa da Nima, na koyar da aikin lantarki, wanda shi ne tushe. Sauran a ƙarƙashin maigida ake koyo, kuma darasin farko ba na sifana ba ne. Kafin shiga rami a kashe babban makunni, a sa masa kwaɗo, ɗan makullin ya zauna a aljihun mai aikin. Kafin hawa kan akwati a juya shi zuwa tafiyar dubawa, mai jan ƙafa. In gwaji ya tilasta sa wayar tsallake, ƙwararru kan yi amfani da mai launi mai ɗaukar ido, su ƙirga nawa suka fito da su daga jaka, su sake ƙirgawa kafin su cire allon "ana gyara" daga bakin ƙofa.