Kunne a ƙasa: Yadda mafarautan Gangara ke gano karen da ya shige rami

Da zarar an kawar da amfanin gona, kaka ta wuce, sai matasa a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina su ɗauki gora da dagi, karnuka na biye, su nufi daji. A Gangara, kusa da iyakar Najeriya da Nijar, farautar rani tsohuwar al'ada ce. Zomo a sarari ake bin sa. Amma gafiya da beguwa da yanyawa rami suke shigewa, kuma kare mai zuciya ba ya tsayawa a bakin rami. Da ya ɓace a ƙarƙashin ƙasa, aikin ya koma hannun maigidansa: a ina yake, kuma ta ina za a tona?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Ƙasar wannan yanki yawanci jigawa ce, mai saurin ruftawa. Kare yana tona yana tura rairayi bayansa, har ya toshe wa kansa hanya, iska ta ƙare masa. Ga ƙayar beguwa, ga macizai irin su kububuwa da gamsheƙa da ke fakewa a tsofaffin ramuka. Kare kuwa shi ne jarin mafarauci, domin sai an shekara ana horar da shi kafin ya ƙware.

Abu na farko da manyan mafarauta ke nema shi ne shiru. A daina kiɗa, a daina ihu, kowa ya tsaya inda yake, don takun ƙafa kansa na ɓata sauti. Sai mutum ɗaya ya kwanta rub-da-ciki, ya ɗora kunne a ƙasa, yana matsawa kaɗan-kaɗan har ya kai inda haushin ya fi ƙarfi. Sauraro a bakin rami yaudara ne, domin rami mai ƙofofi da yawa yana rarraba murya.

Idan ramin ya yi zurfi, sai a kafa dagi ko sandar ƙarfe a ƙasa, a jingina kunne a kanta. Dalilin a fili yake: sauti na tafiya kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya a cikin iska, amma a cikin ƙarfe ya kai kusan mita 5,000. Ƙarfen na ɗauko motsin tonon kare da gurnaninsa ya kawo kunne. Ana kafawa a wurare uku ko huɗu a kwatanta. Idan kuma sandar ta zurma farat ɗaya, an dace da hanyar ramin.

Sauran karnukan ma 'yan rahoto ne. Jinsu da hancinsu sun fi na mutum nesa ba kusa ba, don haka inda suka taru suna shinshina suna kartar ƙasa, nan ake fara zato. Wasu kuma kan zura doguwar tsumagiya a rami don sanin inda ya karkata, su tona, su sake zurawa.

Sanin muryar kare shi ne babban ilimin. Haushi mai ɗorewa a wuri ɗaya na nufin ya tsare dabba. Haushin da ke yawo na nufin ana guje-guje a ciki, tona a lokacin ɓata ƙarfi ne. Kuka mai rauni ko shiru bayan hayaniya, shi ne ke tayar da hankali. Kuma akwai ƙa'idoji biyu da ba a karyawa: ba a tona daidai kan kare, sai ta bayansa, don kada ƙasa ta danne shi ko dagi ya same shi, sannan ba a tura hayaƙi a rami matuƙar kare na ciki.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san wannan dabara ba. A Ingila akwai ƙananan karnuka da ake kira teriya, sunan da ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin ƙasa, waɗanda aka raina musamman don bin yanyawa cikin rami. Wani limamin coci a yankin Devon, John Russell, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1883, shi ne aka sanya wa shahararren nau'in Jack Russell sunansa. Mafarautan zamaninsa su ma kunne da sandar ƙarfe suka dogara da su, kuma sukan fifita kare mai yawan haushi saboda ya fi sauƙin ganowa. Sai daga baya aka ƙirƙiro abin wuya mai aika sigina zuwa wata 'yar na'ura a hannun mai kare. Dokar farauta ta 2004 ta taƙaita wannan aiki sosai a Ingila da Wales.

A Gangara irin wannan na'ura ba ta cikin lissafi. Abin da ke barazana ga sana'ar shi ne rashin tsaro. Shekaru ke nan 'yan bindiga na addabar Jibiya da dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Jihar Maraɗi, ciki har da dajin Rugu da na Baban Rafi a ɓangaren Nijar. Farauta mai nisa, wadda ake kwana a daji, ta zama kasada, an koma zagayen gonakin bakin gari. Noma kuma na ƙara cinye sauran dajin, manyan ramuka na raguwa.

Wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Yaro na koyonsa ne idan ya bi manya, ya kwanta kusa da su a kan rairayi mai zafi, aka ce masa ya saurara ya faɗi abin da ya ji. Duk ranin da ya wuce ba a fita daji ba, an samu ƙarin matasa masu karnuka waɗanda ba su taɓa bambance haushin tsare dabba da kukan neman ceto ba.