Chia: Furen hamadar Amurka mai jiran ruwan sama

A hamadar Mojave da ta Sonora, a kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko, akwai wani ɗan tsiro da ake kira chia, wanda ƙwayarsa kan yi shekaru cikin ƙasa tana jiran ruwan sama.

Masana na kiransa Salvia columbariae, kuma dangin na'ana'a ne da ɗoɗɗoya. Kamar su, karansa na da kusurwa huɗu, ganyensa kuma na da ƙamshi.

Idan aka samu ruwa a lokacin sanyi sai ya tsiro, ya kai santimita 10 zuwa 50, ya fitar da shuɗin fure tsakanin watan Maris da Yuni. Da zarar ya zubar da 'ya'ya sai ya bushe.

A shekaru masu yawan ruwa, kamar 2017 da 2019, furanni iri-iri sun lulluɓe hamadar jihar Kalifoniya.

Abincin mutanen asali

Tun kafin zuwan Turawa, ƙabilun Cahuilla da Chumash na kakkaɓe 'ya'yan chia cikin kwando, su soya, su niƙa, su dama da ruwa. Ƙwayar kan yi yauƙi idan ta jiƙa, shi ya sa akan sa ta a ido don fitar da hakin da ya faɗa ciki.

'Yan Chumash kan kuma ƙone daji domin tsiron ya yi yawa, al'adar da mahukuntan Sifaniya suka haramta a shekarar 1793.

Chia da ake sayarwa a kantuna yanzu kuwa wani nau'i ne dabam, Salvia hispanica, wanda ake nomawa.

Baƙuwar ciyawa

Babbar barazana ga furannin hamadar ita ce wata ciyawa mai suna Brassica tournefortii, 'yar asalin arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. An fara ganinta a kwarin Coachella a 1927, kuma ana kyautata zaton ta shiga ne tare da dashen dabino.

Ciyawar kan riga furannin gida tsirowa, ta shanye danshin ƙasa, ta kuma tare musu hasken rana. Idan ta bushe sai ta zama makamashin gobara.

Saboda haka ne 'yan sa-kai a gandun Anza-Borrego ke tuge ta da hannu kafin 'ya'yanta su nuna, domin duk shekarar da furen gida bai zubar da iri ba, ajiyar da ke cikin ƙasa raguwa take yi.